Masu bonsai a hanyar mahaukaciyar guguwa: yaya kuka yi da naku?

Maman 'Yanbiyu, Tampa

Assalamu alaikum 'yan uwa. Lokacin guguwa ya kusa, daga 1 ga Yuni har 30 ga Nuwamba, ni kuma wannan ce shekarata ta farko a jihar Florida ta Amurka. Ina da bonsai, wato ƙananan bishiyoyin da ake reno a kasko, guda tara a bayan gida: ficus (dangin ɓaure) bakwai, kariya ɗaya, sai tsamiya ɗaya da na shuka da hannuna daga ƙwallo shekara huɗu ke nan. Tsamiyar nan ita ce ke hana ni barci. Don Allah wanda guguwa ta taɓa riska da bishiyoyinsa ya faɗa mini abin da ya yi, har da abin da ya yi da-na-sani a kai.

Baban Sadiq, Orlando

Wa alaikumus salam Hajiya. Na ga guguwar Irma a 2017, na ga ta Milton a Oktoban 2024, kuma ban rasa ko ɗaya ba, alhamdulillahi. Kwana biyu kafin guguwa ta iso nake sauke komai daga kan benci zuwa ƙasa, in haɗa su a kusurwar da bango biyu suka haɗu, kasko jikin kasko, dogaye a ciki, gajeru a waje. In akwai rata sai in cusa buhunan ƙasa don kada su gogi juna. Bencin kansa in kife shi, ragar inuwa in kwance ta, domin iska na ɗaukar ta kamar tanti. Kada ki dogara da cewa iska daga gabas za ta zo, tana juyawa idan tsakiyar guguwar ya gifta. Ki kuma duba kowace bishiya ko a ɗaure take da waya a cikin kaskonta. Wadda ba a ɗaure ba, iska za ta tumɓuke ta ta bar miki kasko.

Malam na Cape Coral

Baban Sadiq, maganarka daidai ce ga mutanen Orlando, amma ita ce ta kashe mini bishiyoyi. Hajiya, kafin komai ki bincika gidanki yana wane rukuni a taswirar kwashe mutane ta gundumarku. Idan A ne ko B, wato inda ruwan teku ke fara shiga, ƙasa ba wurin ajiya ba ne.

Ranar 28 ga Satumba 2022 guguwar Ian ta sauka a tsibirin Cayo Costa da ke kusa da mu da iska mai gudun mil 150 a awa. Na jera bishiyoyi 23 a daɓen gareji, na shayar da su, na kulle, muka tafi. Duk tunanina yana kan iska. Da muka dawo, iskar ba ta taɓa su ba, ruwan teku ne ya biyo ta magudanar bayan gida ya shiga. Alamar ruwan a bango ta kai gwiwata. Kowane kasko ya rufe da wani laka mai toka-toka mai wari, da ya bushe sai ga farin gishiri a bakin kaskon kamar kanwa. Famfo babu ruwa. Wani dattijo ɗan ƙungiyarmu da ke zaune can nesa da gaɓa ya zo da jarkoki cike a bayan motarsa, muka yini muna zuba ruwa mai daɗi ta sama yana fita ta ƙasa, kowace bishiya sau da yawa.

Buttonwood guda huɗu ko gezau ba su yi ba, dama a bakin teku suke tsirowa. Ficus suka zubar da ganye kaf, amma yawancinsu sun yi toho bayan 'yan makonni. Juniper, mai ganye kamar allura, ce ta yaudare ni. Ta zauna kore shar kusan wata guda ina murna, ashe saiwar ta riga ta mutu, sannan ta koma ja gaba ɗaya. Tara na rasa, ciki har da wadda na yi shekara goma sha ɗaya ina gyarawa. Da a kan teburin cin abinci na ɗora su, da yau suna nan.

Baban Sadiq, Orlando

Allah ya mayar da alheri Malam. Gaskiyarka ce, ban yi la'akari da mutanen gaɓa ba.

Yaya Babba, Houston

Ni nawa darasin bayan guguwa ne. Guguwar Beryl ba ta da ƙarfi sosai, mataki na ɗaya ce cikin biyar da ta sauka ranar 8 ga Yuli 2024, amma ta ɗauke wa gidaje da shaguna sama da miliyan biyu wuta a yankinmu. Mu kwana shida muka yi a duhu. Hankalina ya koma kan yara da neman man janareto, na bar bishiyoyi kwana huɗu a gareji a kulle cikin zafin Yuli. Ƙasar bonsai kun san ta, tsakuwa ce kusan, ba ta riƙe ruwa. Da na buɗe, wasu sun bushe ƙayau, ganyen ficus ya yi rawaya. Sai na ƙara kuskure na biyu, na fitar da su tsakiyar rana kai tsaye, wanda ya rage ya ƙone.

Yanzu da iska ta lafa nake fitar da su, washegari da safe, zuwa inuwa tukuna. Taki kuma ba na sawa sai na ga sabon toho. Reshen da ya karye in yanke shi da almakashi mai kaifi in shafe bakin. Wadda kaskonta ya fashe, kada a taɓa saiwar, a ɗauke ta da ƙasarta a saka a roba mai huji. Kuma kada a yi gaggawar zubar da wadda ta yi tsirara: a ɗan kankare ɓawon da farce, in ƙasansa kore ne tana da rai.

Inna Mai Lambu, Fort Pierce

Maman 'Yanbiyu, kariyar ki kai ta ƙarƙashin rufi tun kafin ruwan ya fara, kuma ita kaɗai kada ki shayar. Itacen fako ce, kin san inda take fitowa a gida, kwana uku a jiƙe gindinta zai ruɓe. Tsamiya kuwa tana da juriya, ko ta zubar da ganye kada ki karaya.

Abin da na fi so in ce miki shi ne ki shiga ƙungiyar bonsai ta kusa da ke yanzu, ba sai an yi shelar guguwa ba. Yawancin ƙungiyoyin jihar nan suna ƙarƙashin Bonsai Societies of Florida, wadda ke taron shekara-shekara, kuma 'yan ƙungiyoyin ne ke ba da aron bishiyoyin da ake nunawa a Epcot, wurin shaƙatawa na Disney kusa da Orlando, lokacin bikin furanni. Tamu wata-wata muke haɗuwa, kowa ya zo da bishiyarsa a duba masa, a koya wa sababbi sa waya da sauya kasko. Muna da tsofaffi masu bishiyoyin da mutum biyu ba sa iya ɗagawa, idan an ce guguwa na tafe samari ke zagayawa gidajensu. Bayan ta wuce kuma, wanda ya rasa nasa ba ya komawa gida hannu rabbana, wannan ya ba shi kasko, wancan ya ba shi dashe. In kin samu sarari ki zo lambun Heathcote a nan garinmu, ki ga tarin bonsai na marigayi James Smith, yawancinsu itatuwan ƙasashen zafi ne irin naki.

Maman 'Yanbiyu, Tampa

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Malam, na duba, gidanmu rukunin B ne, kuma maƙwabciyata ta ce lokacin Helene a Satumban 2024 ruwa ya kai bakin layinmu. Don haka ficus za su hau bene, ɗakin wanka na sama ba shi da taga babba. Tsamiyar kuma in aka ce mu tashi, a mota za ta bi mu. Zan sayi jarkoki huɗu a makon nan. Inna, waya mai kaurin nawa ake ɗaure bishiya da ita a kasko? Biyu daga cikin ficus ɗin na girgiza su ɗazu, suna motsi.