Agwagwata ta kwanta a kan ƙwai 19, guda 4 kaɗai ta ƙyanƙyashe

Maman Ummi, wani ƙauye kusa da Ringim:
Assalamu alaikum iyayena da 'yan uwa. Don Allah ku taimaka min da shawara. Ina da agwagi mata uku da toro ɗaya. Babbar ta yi gurbi a bayan rumbu, ta fige gashin ƙirjinta ta shimfiɗa, ta kwanta a kan ƙwai 19. Da aka yi kwana 30 shiru, sai maƙwabciyata ta ce duk sun zama ɓaragurbi. Na ɗauki ɗaya na fasa a gefen turmi, wallahi sai ga ɗa da ransa, yana motsa ƙafa, ƙwanduwar ba ta gama shiga cikinsa ba. Ranar ko tuwo ban iya ci ba. Daga baya guda 4 suka fito, uwar ta tashi ta bi su, sauran suka huce a gurbi. Yanzu sun sake fara saka ƙwai, ga bazara ta ƙarato. Me zan gyara?

Baba Mai Agwagi, Haɗeja:
Wa alaikumus salam 'yata. Ki daina zargin kanki, lissafin ne aka ba ki ba daidai ba. Kaza kwana 21 take yi. Agwagwar Turawa mai yawan kuka kwana 28. Amma irin tamu ta gida, mai jan tsoka a fuska, wadda toronta huci kawai yake yi, sai ta cika kwana 35. Kuma daga ranar da ta fara kwana a gurbin ake ƙirgawa, ba daga ranar ƙwan fari ba. Ni da gawayi nake jan layi a jikin garu kowace safiya, sai na wuce 37 kafin in taɓa komai.

Hajiya Babba, Ɗambatta:
Ƙanwata, adadin nan na 19 shi ya tsaya min a rai. Ina kyautata zaton 'yar uwarta na shiga tana ƙara mata ƙwai bayan ta fara kwanci, halinsu ne, suna son gurbin da wata ta riga ta ɗumama. Kin ga kenan wani ƙwan ya girmi wani da sati ko fiye. Na farkon suna fitowa uwar za ta jira kwana ɗaya ko biyu ta tashi, ba ruwanta da na baya. Abin da nake yi: ran da ta fara kwanci sai in zana wa kowane ƙwai alama da fensir, duk wanda na tarar babu alama in ɗauke a soya wa yara. Kar ki bar mata fiye da 12 zuwa 14, don wanda jikinta bai rufe ba sanyi ke kama shi. In da hali ki kifa wa kowacce tsohon kwando ko fasasshiyar randa nesa da juna. Ƙwan da za ki tara don a kwanta masa kuma ki ajiye shi a inuwa kusa da randa, tsinin yana ƙasa, kar ya wuce sati, kuma kar ki wanke shi ko da ya yi kashi, ki kankare kawai.

Maman Ummi:
Hajiya kamar kina gidan! Ƙaramar nan kullum ina ganinta tana fitowa daga bayan rumbun, na ɗauka zumunci ne. To maganar zafi fa? An ce in riƙa yayyafa wa ƙwan ruwa.

Malam Mai Kiwo, Gaya:
Hajiya ta gama magana a kan gurbi. Batun ruwa kuwa, ni ban goyi bayan yayyafawa da hannu ba. Ki ajiye mata daro cike da ruwa kusa, ita ta san aikinta: za ta fito ta ci, ta yi wanka, ta koma da jiƙaƙƙen gashi, wannan danshin shi ke hana tantanin cikin ƙwan bushewa ya manne wa ɗan. Da hunturu da bazara rashin wannan wankan na kashe 'ya'ya da yawa a cikin ɓawo. Gurbin kuma kar ya zama ƙarƙashin kwano, inuwar zana ko bishiya ta fi. A kwana na 10, da daddare, ki haska kowane ƙwai da tocilar waya. Mai rai za ki ga jijiyoyi ja kamar saƙar gizo, wanda ya yi fayau ki cire shi kafin ya fashe ya ɓata sauran.

Baba Mai Agwagi:
Na ƙara da ɗaya. Ki toshe duk ramin da ke gindin rumbun, gafiya da damo ba sa barin ƙwai. In 'ya'yan sun fito ki raba su da toron, yana tattake su, kuma ki ɗauke daron nan mai zurfi ki sa faranti, don ƙananan na shiga su kasa fita. Dusa kaɗai ba ta riƙe mai saka ƙwai, ki haɗa mata da garin ƙuliƙuli marar yaji da dakakken ɓawon ƙwai da kika shanya.

Maman Ummi:
Allah ya saka da alheri, Baba. Na kifa kwanduna biyu ɗazu, ƙaramar har ta leƙa ɗaya. Ƙwai 6 ne a gurbin babbar yau, fensir na hannun Ummi.