PyMOL na share min jan-ƙarfe da TPQ a sifar AOC3

Assalamu alaikum. Ɗalibin bayokemistiri ne ni, ina haɗa furojet daga gida, wani ƙauye kusa da Ringim. Kwana uku ke nan na maƙale.

Na sauko da fayil 2C10 daga PDB (rumbun bayanan sifofin furotin na intanet), sifar enzayim AOC3 na ɗan Adam, wanda ake kira VAP-1. Hoton gurbin aikinsa nake so: jan-ƙarfen da His520, His522 da His684 (amino asid histidine guda uku) suka riƙe, ga kuma TPQ 471 (amino asid tyrosine da aka sauya, mai lamba 471 a sarƙar furotin ɗin) a gefe.

Da na buɗe fayil ɗin a PyMOL, manhajar kallon sifar furotin, ƙwayoyin ruwa da sukarin da ke manne da furotin ɗin sun cika hoton, sai na rubuta umarnin remove hetatm don share duk abin da ba asalin furotin ba. Hoto ya yi fes, amma jan-ƙarfen ya ɓace, TPQ ma ta tafi, sarƙar ta yanke a 471. Su ne kuwa zuciyar aikin! Na sake lodawa na gwada remove solvent, ruwa kaɗai ya fita. Na ƙara remove resn NAG (NAG wani nau'in sukari ne), wasu guntayen sukari suka rage a watse, ba su manne da komai ba. Cajin kwamfutar a shagon sola nake biya, gwaji barkatai ya fi ƙarfina.

Don Allah, wane umarni zai cire ruwa da sukarin duka, ya bar min jan-ƙarfe da TPQ a wurinsu?