"Zanen aro ba ya rufe katara": har da man bilicin?

Uwar Biyu, Garwa: Salamu alaikum jama'a. Jiya a gidan suna rigima ta kaure tsakanin yayata da 'yarta. Yarinyar ta sayi man da wata ke tallarsa a TikTok, fuska ta yi fari fat, gaɓoɓin yatsu baƙi ƙirin. Uwar ta ce mata zanen aro ba ya rufe katara. Ita kuwa ta ce da kuɗinta ta saya, ina aro a nan? Abin ya tsaya mini a rai, don ni na goya ta, yanzu ko rana ba ta iya shiga. Maganar ta hau nan kuwa?

Baffa Tela: Ta hau daram. Ranar da ta daina shafawa, mai zane zai karɓi abinsa.

Hajiyar Marwa: Ban yarda ba, Baffa. Wannan ta mai fariya da kayan wani ce. Masu talla ne ke sa yara kallon kitse ga rogo, su kansu da filta suke fitowa. Kuma wa ya ƙago "farar mace alkyabbar mata" in ba ku maza ba?

Anti Nas: Yaya, ki kai ta asibiti. Irin waɗannan mayukan na sa fata ta yi siriri har ɗinki ya ƙi kamawa, masu sinadarin makuri kuma ƙoda suke ci. Tun watan Agustan 2022 ma'aikatar lafiya ta Kamaru ta hana shigo da su da sayar da su, amma leƙa kasuwa ki gani. Ga su "sha ka fashe" na ƙiba a gefe.

Ɗan Binuwai: Hani? Ba wata 'yar majalisa aka nuna tana sayar da maganin bilicin na sha ba? Kuma ku duba fastocin zaɓe, tsoho tukuf ya koma ango.

Jikar Inna: Kun tuna mini da kakata, Allah ya jiƙanta. Tana budurwa ta ari zanen maƙwabciya ta je ɗaukar hoto, mai ɗauka ya wanke hoton ta fito fara sol, har tsagar kumatunta ta ɓace. Aka aika wa wani ɗan kasuwa a Fort-Lamy, tun kafin a mayar da sunan Injamena a 1973. Mutumin ya sha hanya ya iso, ya tarar da ita tana daka a ƙofar gida, ya ciro hoto ya ce ta kira masa wannan. Ta ce, "Ta tafi rafi, zauna ka jira ta." Ya wuni kan tabarma, ita ke kawo masa fura. Shi ne kakana. Har ta tsufa in sun saɓa sai ta ce ya je rafi ya ɗauko matarsa.

Baffa Tela: To ai nan zanen aro ya rufe katara har da ragi!

Hajiyar Marwa: Furar ce ta riƙe shi, ba zanen ba.

Uwar Biyu: Allah ya jiƙan Inna. Anti Nas, in ta daina lokaci guda ba matsala?

Anti Nas: Likita ya fara ganin kwalbar tukuna.

Ɗan Binuwai: Jikar Inna, an dai mayar wa maƙwabciya zanenta?