Tambaya: ina ƙarfin igiyar girgiza yake tafiya a dutse mai ruwa?

Mai_Neman_Sani:
Salam 'yan uwa. Dan Allah masu ilimin ƙasa ku taimaka min, an ce igiyar S (ɗaya daga cikin igiyoyin girgiza masu ratsa ƙasa) ba ta ratsa ruwa, to ya akai take wucewa ta dutsen yashi da ruwa ko ɗanyen mai ya cika ƙofofinsa? Kuma meye yake cinye ƙarfin igiya tana cikin tafiya?

Ɗan_Duwatsu:
Wslm. Ai ba ta ruwan take bi ba, ta jikin dutsen ne, ƙwayoyin yashin a manne suke da juna. Ita S murɗa dutse take, ruwa kuwa ba ya turjewa murɗa, shi yasa a lissafin wani masani mai suna Gassmann na 1951 ko ka cika dutsen da ruwa taurinsa wajen murɗa na nan yadda yake, sai ɗan nauyin da ya ƙaru ya rage mata gudu kaɗan. Ɗaya igiyar, wato P, ita ce mai matsewa, kuma tunda ruwa ba ya matsuwa da sauƙi yawanci gudunta ƙaruwa yake.

Malamar_Fiziks:
Bari in ɗora kan tambaya ta biyu, don nan ne abin ya fi burge ni wlh. Ka ɗauki soso jiƙaƙƙe ka matsa gefe ɗaya, ruwa zai gudu ɗaya gefen. Haka igiya ke yi, in ta matse siririyar tsaga sai ruwa ya tsarto zuwa babbar ƙofa, ta saki ya dawo, to wannan kai-komon yana gogar bangon ƙofofin sai ƙarfin ya koma zafi, kuma igiya mai saurin kaɗawa ta fi saurin mutuwa shi yasa hoton ƙasa mai zurfi da ake haɗawa da waɗannan igiyoyin ke fitowa dishi-dishi. Masani Maurice Biot tun 1956 ya ce akwai P ta biyu mai tafiyar hawainiya, inda ruwa da dutse ke motsi saɓanin juna, sai 1980 wani masani mai suna Plona ya nuna ta a ɗakin gwaji.

Mai_Neman_Sani:
Na gode Malama, Allah ya ƙara basira. To in gas ne a ciki fa?

Malamar_Fiziks:
Amin ƙanena. Gas ɗan kaɗan a cikin ruwan ya isa ya karya gudun P kusan kamar dutsen cike yake da gas, don igiyar na samun inda za ta matse. Shi yasa kamfanin mai zai ga alama mai haske mai nuna gas a hoton ƙarƙashin ƙasa, ya kashe maƙudan kuɗi ya haƙa rijiya, ya tarar gas ɗin bai kai a ɗiba ba.