Hawan jinin Mama ya ƙi sauka, don Allah ku ba ni shawara

Assalamu alaikum 'yan uwa. Mahaifiyarmu ce, shekarunta 63, muna zaune a Tudun Wada, Zariya. Shekara biyu ke nan da aka ce tana da hawan jini, ana ba ta amlodipine 5mg a ƙaramin asibitin unguwarmu. Watan jiya an gwada 168/100, makon nan kuma 172/104. Ma'aikacin ya sake rubuta maganin, ya ce mu dawo bayan wata guda. Hankalina ya ƙi kwanciya, don ciwon nan ne ya shanye wa yayarta ɓarin jiki. Jiya ina gyara mata shimfiɗa na tarar da katin maganin a ƙarƙashin filo, rabi ba a ɓalle ba. Wai ƙafafunta kumbura suke yi, kuma tunda kanta ba ya ciwo, shan me za ta yi? Yaya zan yi da ita?

Wata nas daga Samaru:
Wa alaikumus salam 'yar uwa, Allah Ya ba Mama lafiya. Hawan jini ba ya jiran ciwon kai, shiru yake ɓarnarsa a ƙoda da zuciya da ƙwaƙwalwa. Kumburin ƙafa kuwa gaskiya ta faɗa, amlodipine na jawo shi. Ku koma da katin a hannu, ku faɗi cewa tana tsallakewa, in ba haka ba za a ɗauka maganin ne ya gaza. Mutane da yawa sai an haɗa musu iri biyu, kamar a ƙara losartan ko mai sa fitsari, amma likita ne zai zaɓa bayan gwajin ƙoda da suga da fitsari. Ki nemi na'urar gwaji ta damtse. Ta zauna minti 5 tukuna, a gwada safe da yamma har kwana 7, ki rubuta a littafi. Abin da ake nema ya sauka ƙasa da 140/90. Tana shan wani abu na ciwon jiki?

Mai tambaya:
Tana shan diclofenac saboda gwiwa, kusan kullum, a kemis ake sayo mata.

Wani mai harhaɗa magani daga Sabon Gari:
To, ga wani ɓarawon nan. Diclofenac da ibuprofen suna ɗaga jini, suna kuma wahalar da ƙoda. Ta koma paracetamol kafin likita ya duba gwiwar.

Wata Hajiya daga Kofar Doka:
'Yata, ki leƙa tukunya. Maigidana haka ya yi fama. Na rage gishiri amma ina jefa dunƙule huɗu a miyar kuka, ga kanwa, ga yaji mai gishiri a gefe. Ashe gishirin da mutum zai ci a yini gaba ɗaya bai kamata ya kai cokalin shayi ɗaya ba, wato ƙasa da giram 5 inji Hukumar Lafiya ta Duniya. Na koma daddawa da albasa da citta, kuma gida duka muke ci, don in aka ware wa babba tukunya sai ya ji an mai da shi majinyaci. Maganin kuma ki ajiye kusa da dardumarta, tana sallame asuba ta sha.

Wani ɗan uwa:
Zoɓo ba suga fa, ance yana saukarwa.

Nas ɗin:
Yana ɗan taimakawa, amma ba zai tsaya a madadin magani ba. In kin ga 180/120 tare da ciwon ƙirji, ko gani ya dushe, ko baki ya karkace, ko magana ta sarƙe, kada ku jira gari ya waye, ku wuce Asibitin Koyarwa na Shika.

Mai tambaya:
Na gode ƙwarai, Allah Ya saka. Na karanta wa Mama maganar Hajiya, ta yi shiru, can ta ce in ɗauko mata katin. Yayanmu zai kawo na'urar gobe, Litinin kuma za mu koma asibitin da littafin.