Me za mu kira "thermal runaway" da Hausa?

Assalamu alaikum 'yan'uwa masu haɗe-haɗen lantarki, da malamanmu na harshe. Wata kalma ce ta tsaya mini a wuya. Ina rubuta 'yar takardar gargaɗi ga yaran da nake koya wa haɗa fitila da fanka masu caji da batiran litiyam, sai na zo kan abin da Turawa ke kira thermal runaway, na rasa bakin faɗarsa.

Ga abin da ake nufi, don kada mu raɗa suna ba mu ga jaririn ba. A cikin ƙwayar batir irin 18650, wadda lambarta girmanta ce, kauri milimita 18 tsawo 65, akwai falle biyu a nannaɗe, da wata siririyar leda a tsakani da ta hana su taɓa juna. In ƙwayar ta huje, ko ta lotse, ko aka yi mata cajin da ya wuce bolt 4.2, ko fulas da mainas suka haɗu, sai ta ɗau zafi. Zafin ya tayar da sinadaran ciki, su kuma su ƙaro zafi. Wajen digiri 130 ledar nan ta fara narkewa, fallayen su haɗu, abu ya ninka. Daga nan ko ka zare caja ka makara: ƙwayar za ta huro gas mai cin wuta, ta kunna ta kusa da ita. Irin wannan ce ta sa Samsung ya janye wayarsa Galaxy Note 7 a 2016, ita ce kuma ta sa aka dakatar da jiragen Boeing 787 a farkon 2013.

Suna na farko da aka kawo mini shi ne "gudun zafi". Wannan na ƙi shi nan take. Bahaushe in ya ji gudun zafi, mutum zai gani yana neman inuwa, kamar gudun hijira ko gudun tsira.

"Fashewar batir" ita ce a bakin kowa, amma ƙarshen labari ce, kuma ba kullum yake fashewa ba, wani huci yake yi yana feshin wuta. In na koya wa yaro "fashewa", zai zauna jiran ƙara alhali abin ya riga ya fara. "Ɗaukar zafi" kuwa ta yi sanyi da yawa. Waya ma tana ɗaukar zafi a caji, ka ajiye ta ta huce.

Wani malami ya ce "ɓarkewar zafi", kamar ɓarkewar annoba. Ta yi daɗin kunne, na kwana ina juya ta. Ta kama saurin abin da yaɗuwarsa daga ƙwaya zuwa ƙwaya. Abin da ta bari shi ne linzami: cewa da abin yana hannunka, yanzu ya fita.

Shi ya sa nake kan "ƙwacewar zafi". Muna cewa mota ta ƙwace wa direba, doki ya ƙwace wa mahayi. Ba wanda zai ji haka ya zaci birki zai yi magani. Kuma tana shiga jimla ba tare da an tura ta ba: "zafi ya ƙwace wa batirin", ko a taƙaice "batirin ya ƙwace".

Ni na ga bakin abin da idona. Na taɓa sayen wasu ƙwayoyi da aka rubuta musu 9900 mAh, wato ma'aunin yawan cajin da batir ke ɗauka, alhali 18650 ta gaskiya ba ta cika wuce wajen 3500 ba. Tun a tafin hannu na ji ba su da nauyi, ta ƙwarai tana kai giram 45 ko fiye, amma araha ta rufe mini ido. Ɗaya rigarta ta leda ta ɗan yage a wuya, na jefa ta cikin gwangwanin kusoshi. Mutane da yawa ba su san duk jikin ƙarfen ƙwayar mainas ba ne, fulas ɗan kan nan ne kawai, tsakaninsu bai kai kaurin farce biyu ba. Wani wari mai zaƙi-zaƙi na fara ji. Da filaya na ɗauko ta na kai waje kan siminti, rigar ta tattare, kan ya yi baƙi. Ta yi zafi, amma Allah ya kiyaye ba ta ƙwace ba. Kun ga kalmar ta raba mini hali biyun da kanta.

Wata 'yar'uwa ta ce ƙwace yana iya kai hankali ga ɓarawon waya. Gaskiyarta, amma da "zafi" a gefe ban ga mai ruɗewa ba.

Ga yadda na sa a takardar: "Kada ka liƙa wayar wuta da dalma a jikin ƙwaya, kada ka yi caji kana barci, ƙwayar da ta kumbura ko rigarta ta yage a ware ta. In batir ya fara huci, zafi ya ƙwace, ka matsa, kada ka shaƙi hayaƙin."

Saura allon nan da ke yanke caji in ƙwaya ta cika ko ta yi ƙasa da yawa, wato BMS. Ni "dogarin batir" nake ce masa. Wa ke da wadda ta fi?