Shagon 'yan Birazil na Harlesden: me ake saya, me ake ci?

Maman Ikram: Salamu alaikum 'yan uwa. Don Allah wa ya taɓa shiga ɗan shagon 'yan Birazil ɗin nan na unguwar Harlesden a Landan, mai teburan cin abinci ta baya? Duk sa'ad da na sauka daga bas mai lamba 18 sai ƙamshinsa ya tare ni. Yara sun matsa mu je ran Asabar, ni kuwa alade nake tsoro.

Hajiya Babba: Wa alaikumussalam. 'Yata, tsoron nan naki na kan hanya, ga shi kuma kin zaɓi Asabar. Ranar ce suka fi dafa feijoada, wato baƙin wake da ake zuba wa naman alade iri-iri, har da kunne da ƙafa. Wannan kam ko kusa. Abin da ya fi ruɗa mutane shi ne farantin yau da kullum, prato feito: shinkafa da wake da nama da salak. A ido lafiya lau, amma sau da yawa da ɗan kitsen alade ake tayar da waken. Ki tambaya kafin a zuba.

Baban Sadik: Maganar Hajiya ce. Ki riƙe waɗannan a wayarki: porco, bacon, toucinho, linguiça, presunto, banha. Sunayen naman alade ne da kitsensa, duk inda kika ga ɗaya a jikin leda ko a allon abinci, ki wuce. Har farofa, garin rogon da suke soyawa su barbaɗa a kan shinkafa, akwai na leda da aka haɗa da bacon.

Maman Ikram: Tab! To me ya rage kenan, Baban Sadik?

Baban Sadik: Kai, da yawa. Ni pão de queijo ne ya kama ni. Ɗan curin burodi ne na sitacin rogo da cuku da ƙwai, abincin mutanen jihar Minas Gerais. Bayansa rau-rau, cikinsa na jan zare. Da zafi ake cin sa, in ya huce ya zama danƙo. Suna da ɗanyensa a firiza, ki gasa a gida kawai.

Anti Nas: Ni sayayya ke kai ni, ban cika zama ba. Farinha de mandioca garin kwaki ne, sai dai yawancinsa ba shi da tsamin namu, don haka mai son jiƙawa da sukari da gyaɗa zai ji shi salam. Amma a kwaɗa shi da ƙuli da albasa, ba laifi. Manja ma akwai, azeite de dendê suke rubutawa, sai dai 'yar kwalba ce mai tsada. Manja dai ki tsaya a shagunan mutanenmu, ai Harlesden ba ta rasa su ba. Abin da ba na fita ban ɗauka ba shi ne flocão, ɓarzajjen masara da suke turarawa da safe. Ni dambu nake yi da shi, in zuba zogale da karas, cikin ɗan lokaci ya nuna. Maigida bai taɓa ganewa ba.

Ɗan Damagaram: Anti, yau dai asiri ya tonu, yana cikin zauren nan.

Anti Nas: Ya karanta mana, ai har ƙari yake yi.

Malam: In ɗan sa baki. Kamannin nan ba banza ba. An kai Hausawa bayi da yawa jihar Bahia ta Birazil, har suka shirya bore a 1807, suka yi wani a 1809, kafin babban boren Musulmi na birnin Salvador a 1835. Har gobe akwai abinci a can mai suna arroz de hauçá, shinkafa da busasshen nama. Ƙosai ma suna da shi, acarajé, da manja suke soya shi, su tsaga su cusa masa jatan lande. Ƙananan shaguna ba su cika yin sa ba, amma in kin dace, ki ɗanɗana.

Maman Ikram: Ikon Allah, Malam mun ƙaru. To naman fa? Na hango mahauci a ciki.

Ɗan Damagaram: Ai Birazil ce kan gaba a duniya wajen fitar da kajin halal. Duk wanda ya zauna a Saudiyya ya san kajin kamfanin Sadia na Birazil. Ni ina cin coxinha ɗinsu, soyayyen ƙullin nan mai tsini da ake cusa wa yagaggiyar kaza.

Hajiya Babba: A'a ɗana, kar ka haɗa. Wanda ake yankawa don kasuwar Saudiyya daban, na ɗan shagon unguwa a Landan daban. In ba tambarin halal a jiki, ba ka da hujja. Ga shi tebur guda ake sara saniya da alade. Ni abin da nake yi, in tafi wurin mahaucinmu na halal in ce ya cire mini picanha, wato tsokar saman ƙugun saniya, kada ya taɓa kitsen da ke bayanta. Gishiri mai tsakuwa kawai nake saya a wurinsu, in gasa a gida.

Ɗan Damagaram: Na ji, Hajiya. To a koma kan kifi. Moqueca, kifi da madarar kwakwa da manja, ba ta da wannan rigimar.

Baban Sadik: Pastel mai cuku ma, wato soyayyen abin nan mai kama da samosa, in kin tabbatar ba mai ɗaya suke soya shi da na naman ba. Ki haɗa da Guaraná Antarctica mai sanyi, lemo ne zalla duk da koren gwangwanin. Kwalaben da ke can sama, cachaça, su ne giyar rake.

Anti Nas: Ki ɗebar wa yara paçoca, alawar gyaɗa ce mai narkewa a baki, da goiabada ta gwaba. In Ikram ce mai rashin jituwa da gyaɗa, ki bar ta farkon.

Maman Ikram: Ƙaninta ne, Anti. Allah ya saka da alheri. Flocão ɗin nan, ana jiƙa shi kafin a turara ko kai tsaye?

Anti Nas: Ki yayyafa ruwa da ɗan gishiri, ki bar shi kamar minti 10 ya sha, sannan ki zuba a madambaci. Kar ki danna shi.